Sunan da Na Sa a Gaba

Masu cewa tafiya mabuɗin ilimi ce, ina jin ba su taɓa yini a kan kujerar ƙarfe a filin jirgin Abijan ba. Ni na yini. Jirgin da ya kwaso mu daga Yamai ya makara, wanda zai kai mu Dakar kuma bai ga dalilin jiranmu ba, ya yi gaba abinsa. Aka ba mu ƴar takardar karɓar burodi da ruwa, aka ce mu yi haƙuri sai bayan azahar. Na sami lungu na zauna, na tuɓe takalma don ƙafafuna sun kumbura tun a motar Maraɗi, na rungume jakar ordinatar, wato kwamfuta, a ƙirji, ina tambayar kaina: Rabi, me ya fito da ke?

Lambu ne ya fito da ni. Ina koyar da ilimin ƙasa da ruwa a wata babbar makaranta a Maraɗi, kullum daga gidanmu na Tsibiri nake zuwa. A bayan masallacin makarantar akwai wani fili da ya shekara da shekaru ba ya tara komai sai leda. Baba Nomau, mutumin Jiratawa, wanda ke ban ruwan furannin makarantar tun kafin a ɗauke ni aiki, shi ya dubi ruwan alwala da ke malala a banza ya ce wannan asara ce. Ya haƙa ƴar magudana, ya yi rami uku a jere, na tsakuwa, na yashi, na gawayi. Ruwan ya bi ta ciki ya fito garau ya shiga kwamin zogale. Irin ma daga gonarsa ya kawo. Ni nawa awon ruwa ne da rubutu da kai ɗalibai su koya. Ko bayan da aka sallame shi saboda tsufa, bai daina hawa kabu-kabu daga Jiratawa yana zuwa duba ramukansa ba.

Sai aka yi mana sabon direkta, ya dubi lambun, ya ga wurin ajiye babura. Na yi ta sintiri a biro ɗinsa, wato ofis, har sakatariyarsa ta daina amsa mini gaisuwa. Daga ƙarshe ya ce shi bai ƙi ba, amma majalisar makaranta takarda take gani, ba ganye ba. In na kawo shaidar cewa malamar makarantar nan ta gabatar da aikin a taron ƙasa da ƙasa, da sunana da sunan makaranta a jiki, lambu ya tsira. In ban kawo ba, damina na wucewa za a zuba siminti.

Wanda bai taɓa neman a ba shi damar magana a irin waɗannan tarukan ba, na manyan makarantu a kan kiyaye muhalli, bai san wata irin wahala ba. Sai ka matse aikin shekara huɗu cikin kalma ɗari uku, ka juya shi Ingilishi, ka cika gurabu kamar mai neman aure, kana danna turawa rezo, wato layin intanet, ya ɗauke. Sau huɗu suna maido mini da amsa mai ladabi, sun ji daɗin karantawa ƙwarai, amma. Sau ɗaya suka karɓa, a irin taron da ake yi ta intanet kowa na ɗakinsa. Na ci kwalliya na zauna ƙarfe uku kamar yadda aka rubuta, ashe ukun ƙasarsu ne ba namu ba, na shiga na tarar ana ban kwana. Na shida shi ne na Dakar. Makaranta ta ba ni izinin tafiya da addu'a, sauran na nema da kaina.

Mun sauka Dakar rana ta yi sanyi. Wani mai taksi ya tarbe ni da fara'a, ya kira ni uwarsa, ya karɓi takardar adireshin masaukin ya ce ai ko da ido rufe zai kai ni. Baƙo makaho ne ko da idonsa. Ya zaga da ni har na ga wani gini mai shuɗin fenti sau biyu, na yi magana, ya ce ai irinsu da yawa ne a garin. Daga ƙarshe ya tsaya a bakin wata babbar ƙofa, ya sauke akwatina, ya karɓi abin da ya ga dama, ya ce nan ne. Kafin in gama karanta allon ƙofar ya ɓace. Wurin gyaran haƙori ne, kuma a kulle.

Na tsaya da akwati a bakin titi, iskar teku na ɗaga mini mayafi, ba wanda ya ko kalle ni. Ban yi kuka ba, amma saura kaɗan. Sai ƙamshin yajin tsire ya bugo ni, na ji wani na ce ma abokinsa ya rage wuta da irin Hausarmu ta gida. Na ja akwati na nufe su kamar na ga ƴan ɗakinmu. Mutumin Madarunfa ne, shekararsa shida bai je gida ba. Ya duba adireshin ya girgiza kai, ya ce Allah ya isa tsakanina da mai taksin, ya bar wa abokin tukubar, ya ɗora akwatina a kai, muka yi tafiya mai ɗan nisa a ƙasa. A hanya bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba. Tambayarsa ɗaya, ko gulbi ya kawo bana. Na ce ya kawo har ya hau gonaki. Ya yi ta maimaita "har gonaki" yana murmushi. A ƙofar masauki na miƙa masa wani abu, ya ce in mayar, in dai na koma in gaida ƙasa.

Washegari da safe na isa wurin taron da zanena mafi kyau. Layi ne a gaban wani dogon tebur, kowa ya faɗi sunansa a ba shi ɗan katin ratayawa a wuya. Da layi ya zo kaina na faɗi nawa. Wata madam mai gilashi ta duba, ta sake dubawa, ta ce babu. Na buɗe waya na nuna mata wasiƙar karɓa. Ta karanta, ta ce to ai ga shi, aikin yana nan, gobe da hantsi za a gabatar da shi, amma mai gabatarwa Farfesa Nomau ne. Yana ina?

Nan na gane abin da na yi. A takardar neman da na cika, akwai wurin jera sunayen waɗanda suka yi aikin. Ni kuwa ƴar Tsibiri, wadda ko kwanon ruwa ba ta ɗauka kafin babba, yaya za a yi in rubuta sunana gaba da na tsohon da ya haƙa ramin da hannunsa? Na sa nasa a sama, nawa a ƙasa, ko tunani ban yi ba. Da suka nemi adireshinsa na intanet, tun da ba shi da shi, na sa nawa. Shi ya sa duk wasiƙun ke zuwa mini suna gaida Farfesa Nomau, ni kuma ina dariya ina cewa Turawa ba su san mu ba. Ashe a wurinsu sunan farko shi ne mai magana, shi ake ba dama, shi ake ba takardar shaida. Rashin sani ya fi dare duhu, ni ce ban san su ba.

Na yi bayani da Faransanci, na ƙara da guntun Ingilishina. Madam ta saurara da haƙuri, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta ce doka ce, an sha samun wanda ya zo ya gabatar da aikin wani ba da saninsa ba. Ba a canza mai gabatarwa sai shi da kansa ya sa hannu, ko ya faɗa da bakinsa ta kyamara a gaban shaida. Kuma kafin a tashi yau, don da yamma ake kulle jadawalin gobe. Na ce tsoho ne a ƙauye, wayarsa ko hoto ba ta ɗauka. Ta ɗaga kafaɗa, ta leƙa bayana ta kira na gaba.

Ina ja da baya na ji an dafa ni, an ce da Hausa tsantsa, "Ikon Allah, ga baiwata ta ɓata a ƙasar mutane."

Na juya na ga wata dattijuwa mai ƙaton ɗaurin kallabi tana nuna tsagar Gobirci da ke kumatuna. Bayarabiya ce, Madam Bisi, malamar jami'a daga Najeriya, a Gusau aka haife ta. Tsakanin Gobirawa da Yarbawa kuwa akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Duk da abin da ke raina sai da na ce mata ai dama baiwa ba ta barin uwargijiyarta ta yi tafiya ita kaɗai, shi ya sa ta biyo ni. Ta yi dariya har kallabinta ya zame. Ta ja ni gefe, ta ji labarin, ta ce wannan wauta sai Bagobira, sannan ta ce in kira gida yanzu-yanzu.

Sa'a na kira, ɗiyar Baba Nomau, wadda ke sayar da zogale a kasuwar Maraɗi, ita ke da babbar waya. Ta bar kayanta a hannun maƙwabciya ta hau kabu-kabu zuwa Jiratawa. Kafin ta isa, a nemo tsohon daga fadama, a sami inda rezo ke kamawa, rana ta raba. Na zauna a ɗakin cin abinci ina juya shinkafa da kifi a faranti, raina na wurin furar gidanmu mai sanyin randa. Mutane na ta musayar kati suna dariya. Madam Bisi ta hana ni zama shiru, ta yi ta ba ni labarin takardun da ita ma aka maido mata, wai in aka tara su za su rufe ɗaki.

Bayan azahar muka shiga wani ƙaramin biro. Madam mai gilashi ta ce ni ba zan yi tafinta ba tun da maganar ta shafe ni, Madam Bisi ce za ta yi. Aka kira. Ga Baba Nomau a gindin dogon yaro, da laka a hannun rigarsa, ya matso da fuska kusa da waya har ba a ganin komai sai goshinsa da hula. Ya gaida ni, ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ya gaida Madam Bisi da iyalinta, ya ce a gaida mai gilashin ita ma da nata iyalin. Madam ta duba agogo sau biyu.

Madam Bisi ta ce, "Baba, a takardar taron nan sunanka ne a gaba, kai aka rubuta za ka yi bayani. Suna tambaya ko ka yarda a sa Rabi a madadinka."

Baba Nomau ya ƙara matso da kunne kusa da waya.

"Sunana? A takardar tasu? Wa ya sa shi?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

"Gaba ga naki?"

"Gaba ga nawa."

Ban taɓa gaya masa ba. A raina na bari sai na dawo da takardar in nuna masa. Ya ce a nuna masa yanzu. Madam ta buɗe littafin jadawalin ta kara a kyamara. Shi ba ya karatun boko, sai Sa'a ta sa yatsa a fuskar wayar tana karanta masa. Da ta kai ga Farfesa ya yi dariya har da tari, ya ce wa mutanen da ke gefe su zo su ji. Sannan dariyar ta lafa. Ya ce shekara ashirin da bakwai yana ban ruwa a lakwal ɗin nan, makarantarmu ke nan, takarda ɗaya ya sani mai sunansa, wadda aka sallame shi da ita.

Madam Bisi ta juya wannan da Faransanci. Na ga fuskar mai gilashin ta canza. Ta ce to ai ba sai an canza komai ba. Tun da ga shi ana ganinsa ana jinsa, gobe a haɗa shi da babban allo ya yi bayaninsa daga gindin bishiyarsa, ni in yi tafinta. Mutane za su so haka ƙwarai, manomi da kansa. Takardar shaida kuma ta fito da sunansa.

Madam Bisi ta faɗa masa. Wallahi na ga idon tsohon nan ya yi haske. Ya gyara hula, ya tambaya ko mutanen da yawa ne, ko akwai na ƙasashen da ba su da ruwa irinmu, don yana da abin da zai gaya musu a kan gawayi. Ni kuwa lambu na tuna. Madam Bisi ta kalle ni, ta san abin da direkta ya ce. Ta bar mini kayana.

Na ce, "Baba, in takardar ta fito da sunanka, direkta ba zai karɓa ba. Sunan malamar makaranta yake so. In babu, za su zuba siminti."

Ya kalli gefe, can wajen fadama, ya daɗe. Ina jin kukan awaki ta cikin wayar.

"To mi ake jira? A sa naki, ɗiyata. Nawa a maida shi baya, ai bayan ma wuri ne."

Madam Bisi ta juya. Mai gilashi ta ce to, to, ta danna abin da za ta danna, ta sa Madam Bisi ta sa hannu a matsayin shaida. Baba Nomau ya ce in tsaya da kyau gobe, kar in yi sauri, in faɗa musu gawayin kalgo ya fi. Wayar ta katse kafin in yi godiya.

Washegari aka kai mu wani ƙaramin ɗaki a ƙarshen baranda, a daidai lokacin da wani babban baƙo ke jawabi a babban zaure. Mutum tara na ƙirga, biyu na danna waya. Wanda ya riga ni ya cinye lokacinsa ya ci nawa, aka ce in taƙaita. Shekara huɗu da takardun nema shida da kwana uku a hanya suka koma minti takwas. Na nuna hoton ramukan, na nuna zogale, na nuna Baba Nomau riƙe da shebur na faɗi sunansa sau uku. Na ce gawayin kalgo ya fi. Wani mai furfura ya tambaya ko za a iya yin haka a makarantu dubu, na ce in an sami irin tsohon nan dubu. Madam Bisi ta yi tafi ita kaɗai kamar a gidan biki, sai sauran suka ji kunya suka taya ta.

Ranar rufewa aka raba takardun shaida. Tawa mai kauri ce, da tambari mai ruwan zinariya. Ga sunana, ga sunan makaranta, ga kan maganar. Na juya bayanta, fari fat. Na koma wurin madam na ce ai tsohon cewa ya yi a maida sunansa baya, ba a cire ba. Ta ce ta fahimta, amma na'urarsu gurbin suna ɗaya take da shi, na wanda ya yi magana. Ta ce in rubuto musu wasiƙa. Akwai layi a bayana, motar filin jirgi kuma na jira. Madam Bisi ta raka ni har bakin mota, ta cusa mini ƙullin goro a jaka ta ce na tsohon ne, ta ce in na sake cika takarda in kira uwargijiyata ta duba mini.

Daga Yamai zuwa Maraɗi yini guda ne a mota. Tun daga Doso nake shirya ƙarya. Na san zai ce in karanta masa, to me zai hana in ƙara kalma uku a ƙarshe, "da Baba Nomau"? Kafin Dogon Dutsi na tsara yadda zan faɗa. A Ƙwanni na ce ai ba ƙarya ba ce, gyara ne. A Madawa na tuna Sa'a na karatu, na ce sai in je lokacin da take kasuwa. Haka na yi ta saƙa da warwara, bayana na ciwo, har fitilun Maraɗi suka bayyana.

Direkta ya karɓi takardar da hannu biyu, ya sa aka yi mata hoto, aka rataye ɗaya a biro ɗinsa. Majalisa ta zauna, aka bar lambu, babura suka koma gefen katanga. Mutane na ta yi mini barka, ni kuwa gajiya ce kawai a jikina, irin wadda barci ba ya cirewa.

Ranar Asabar na tafi Jiratawa da hantsi, lokacin da na tabbata Sa'a na kasuwa. Na same shi a bakin kwami yana ɗaure ganyen zogale. Ya wanke hannu sosai, ya goge a riga, muka zauna a tabarma. Na ba shi goron, na ba shi labarin lambu, ya yi hamdala ya shafa. Sannan ya karɓi takardar ya riƙe ta da gefe-gefe kar ya ɓata ta, ya shafa tambarin da babban yatsa, ya miƙo mini ya ce in karanta.

Na karanta sunan taron. Na karanta sunana, ya ce madalla. Na karanta sunan makaranta da kan maganar, ina juya masa da Hausa a hankali. Na kai ƙarshe. Kalmomin da na shirya tun daga Doso suna bakina, ya kuma karkato da kunne yana jira. Na kalli fuskarsa, na kasa.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya ɓare goro ɗaya, ya ba ni rabi, ya riƙe nasa rabin bai ci ba. Ya ce in adana takardar inda gara ba za ta kai ba. Can sai ya tambaye ni ko na duba darnin gabas na lambun makaranta tun da na dawo, don rannan ya ga inda awaki suka fara ɓula shi. Na ce ban duba ba tukuna. Ya ce to in duba.